Kiwon Aku da Haɗarin Sayarwa daga Hannu zuwa Hannu

Aku mai ruwan toka da jan wutsiya, wanda asalinsa dazuzzukan kurmi ne na kudancin Najeriya da Kamaru da Gana da Kwango, yana cikin tsuntsayen da aka fi fatauci da su a duniya, saboda baiwar da yake da ita ta kwaikwayon maganar mutum. Yawan kamun da ake yi masa ya sa a taron da aka yi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a shekarar 2016, ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CITES, wato yarjejeniyar da ke tsara cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, suka mayar da shi rukunin farko, wanda ke nufin an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙofar da ta rage ita ce ta tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a keji a gidan kiwon da ke da rajista, kuma daga nan ne darajar mai kiwo ta ƙaru, tare da nauyin da ke kansa.

Abin da ke bambanta akun keji da na daji shaida ce kawai, domin ido ba ya iya rarrabewa. Masu kiwo na gaskiya sukan zura wa tsakon zoben ƙarfe marar tsaga, mai ɗauke da lamba, tun yana ɗan makonni kaɗan da yatsunsa ke iya lanƙwasawa su shige, ta yadda idan ƙafar ta girma zoben ba zai fita ba, kuma ba za a iya sa irinsa a ƙafar babban tsuntsu ba. Sai dai wannan shaida tana da amfani ne muddin takardar da ke ɗauke da lambar zoben tana tafiya tare da tsuntsun. Da zarar mai saye ya sayar wa dillali, dillalin kuma ya tura wa wani ta Facebook ko WhatsApp, takardar na iya rabuwa da mai ita, a jingina ta ga tsakon da aka ciro daga kogon bishiya, sunan mai kiwon kuma ya zama rigar da fataucin haram ke fakewa a ciki. A Najeriya an kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2016 aka ƙara tsananin tararta, kuma wanda aka kama da tsuntsun da aka ciro daga daji ba ya kuɓuta don ya ce shi ma saya ya yi.

Ta fuskar lafiya lamarin ya fi haka muni. Aku na iya ɗaukar ƙwayar cutar da ake kira zazzaɓin aku ba tare da ya nuna alama ba, sai wahalar tafiya da cunkoso su tayar da ita, mutum ya shaƙi ƙurar busasshen kashinsa ya kamu da zazzaɓi da tari, wani lokaci har da ciwon huhu. Yadda sayarwa daga hannu zuwa hannu ke ɓatar da sawun cuta ya bayyana a Amurka a 2003, lokacin da aka kai ƙananan dabbobi kimanin 800 daga Gana zuwa jihar Teksas, cikinsu har da gafiya. Wasunsu suka isa hannun wani dillali a jihar Ilinois, wanda ya ajiye su kusa da wasu dabbobin ƙasar masu kama da kurege, waɗanda aka rarraba wa masu saye a jihohi maƙwabta, kuma ta wannan hanya ƙyandar biri ta kama mutane da dama, karo na farko da aka ga ɓarkewarta a wajen nahiyar Afirka. Jami'an lafiya sun sha wuya wajen bin sawun dabbobin, domin an sayar da wasu a kasuwannin musaya inda babu mai rubuta sunan kowa.

Shi kansa tsuntsun yana biyan nasa kason. Aku na iya rayuwa shekara 40 ko fiye a keji, yana kuma shaƙuwa da mai kula da shi, saboda haka yawan sauya gida kan sa ya riƙa fige gashin ƙirjinsa da baki har fata ta fito fili, musamman idan ya faɗa hannun wanda bai san komai ba sai ba shi gyaɗa safe da yamma, abincin da ba ya wadatar da shi da sinadarin da ke gina ƙashi.

Mai kiwon da ya san abin da yake yi ba ya sayar wa wanda ya zo neman tsaki da yawa a lokaci guda yana kuma gaggawar biya ba tare da tambayar abinci ko girman keji ba, domin wannan alamar ɗan kasuwa ce. Yakan rubuta lambar zobe da sunan mai saye a littafinsa, ya kuma yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu cewa idan riƙon ya gagara, shi za a fara dawo wa da tsuntsun. Mai saye kuma ya kamata ya gwada lambar da ke ƙafar da wadda ke takarda, ya nemi lambar wayar gidan kiwon ya tabbatar da kansa, sannan ya keɓe sabon tsuntsu na kimanin wata guda nesa da kaji da yara, har likitan dabbobi ya duba shi.