Daga Gidan Waya Zuwa Wayar Hannu: Biyan Kuɗin Wata a Gidan Mai Bi

Kowane ƙarshen wata akwai baƙin da ba su fashin zuwa gidajenmu: kuɗin wuta, kuɗin ruwa, kuɗin haya, da na makarantar yara idan lokacinsa ya yi. Biyansu wajibi ne, gama manzo Bulus ya gargaɗi Romawa, a sura 13, kada su zauna da bashin kowa. Abin da ya sāke a zamaninmu shi ne hanyar biya.

Iyayenmu sun san gidan waya sarai. Idan wurin biya yana da nisa, mutum yakan sayi takardar kuɗi, wato fostal oda ko mani oda. Ya rubuta sunan mai karɓa, ya yage ɓarin takardar ya ajiye don shaida, ya sa sauran a ambulan, ya manna kan sarki. Mai hankali yakan yi wa wasiƙar rajista. Ta haka aka riƙa aika kuɗin jarrabawa, da na makarantar kwana, da na jarida, da ɗan abin cefane zuwa ga tsofaffi a ƙauye. Kuɗin wuta kuwa galibi a ofishin NEPA, wadda aka kafa a 1972, ake bin layi a biya. A Amurka ne aka fi sabawa da biyan wuta da ruwa ta wasiƙa: takardar bashi ta zo a ambulan, maigida ya rubuta cek ya mayar. Har yanzu akwai masu yin haka can, musamman tsofaffi.

Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001. A 2013 aka miƙa rarraba wutar lantarki ga kamfanoni masu zaman kansu. Yau mai mitar kati yana zaune a ɗaki sai ya biya ta banki a wayarsa, a aiko masa da lambobi 20, ya danna su a mita, wuta ta dawo. Wanda ba shi da babbar waya yakan danna gajeren lambar bankinsa, ko ya je wurin mai POS. A farkon 2023, sa'ad da takardun naira suka yi wuya saboda canjin kuɗi, har waɗanda suke gudun wannan hanya sun koye ta tilas.

Labudda sabuwar hanya ta rage wahala. Babu kuɗin mota, babu layi, babu jiran wasiƙa mako biyu. Amma akwai abu biyu da tsohuwar hanya take bayarwa waɗanda muke neman rasawa.

Na fari, shaida. Ɓarin fostal oda yakan shekara goma a cikin akwati. Saƙon banki kuwa yana tafiya tare da waya ranar da aka sace ta, ko ta faɗa ruwa. Wani lokaci kuma kuɗi yakan fita, lambobin wuta ba su zo ba. Wanda bai riƙe lambar shaidar biya ba, da me zai kai kuka banki?

Na biyu, sanin juna. A dā uwargida takan ga ambulan a kan tebur, yaro ne ma ake aika ya jefa shi. Kowa a gida ya san an biya, ya kuma san nawa ne. Yanzu dukan lissafin gida yana iya shigewa cikin wayar mutum ɗaya, a kulle da lambar sirri. Mu tuna da gwauruwa wadda aka binne mijinta jiya, yau mai haya ya ce ana bin su wata shida, ita kuwa ba ta san lambar mita ba, balle inda rasidi yake. Kuɗin da ba a taɓa shi da hannu kuma ba shi da nauyin fita. Ɗan kati nan, ɗan data can, kafin a farga albashi ya ƙare, ba a fitar da zakka ba.

To, me za mu yi? Ba mu ce a koma gidan waya ba. Ga shawararmu.

A sayi littafin rubutu ɗaya don lissafin gida. Duk abin da aka biya ta waya a rubuta kwanan wata, da yawan kuɗi, da lambar shaida. A shafin fari a sa lambar mita da lambar asusun makaranta da ta mai haya.

Miji da mata su zauna tare ran da albashi ya shigo, su yi addu'a, su jera abin da za a biya kafin a taɓa ko kwabo. A Luka sura 14 Ubangijinmu ya nuna cewa mai son gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi.

Kafin a danna aika, a karanta sunan mai karɓa sau biyu. Kada a faɗa wa kowa lambar sirri a waya, ko da ya ce daga banki yake kira. Banki ba ya tambayarta.

Matasan ikkilisiya su taimaki tsofaffi, amma da aminci: a biya a gabansu, a rubuta musu a littafinsu. Zumuntar Mata ma tana iya ware rana ɗaya ta koyar da wannan.

Ko ta ambulan ko ta waya, dukiyar ta Ubangiji ce, mu wakilai ne kawai. Bari a iske littafin gidanmu a buɗe, lissafinmu kuma daidai.