Injin Walda Daga Guangzhou da Hatsarin da ke Cikin Shirunsa

Duk ɗan kasuwar da ya sauka birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ya yi masauki a unguwar Xiaobei inda baƙin Afirka suka yawaita, ya kuma leƙa baje kolin Kanton da ake ci tun 1957, ba zai rasa ganin ƙananan injinan walda masu lambar ZX7 ba, irin waɗanda kamfanonin Shenzhen kamar Jasic da Riland ke ƙerawa, waɗanda a yau ake iske su a hannun yaran masu walda daga Ƙofar Ruwa ta Kano har Panteka ta Kaduna. Da yake wutar gida a Sin bolt 220 ce, tamu kuwa 230, injin yakan kama aiki a nan ba tare da an sauya masa kome ba.

Almajirin sana'a yana tsoron wayar da ta fito daga bango, kuma yana da gaskiya, amma yakan raina wadda ke hannunsa, alhali a nan musibar ta fi aukuwa. Lokacin da sandar walda ke ci, wutar da ke tsakaninta da ƙarfe ba ta cika wuce bolt 20 zuwa 30 ba. Da zarar an ɗaga hannu, injin ya yi shiru, sai ta hau zuwa 50 ko 80, domin ta sami ƙarfin kunna tartsatsi na gaba. To, a daidai wannan lokaci ne yaro ke tuɓe safar hannu ya sauya sanda, ko ya maƙale mariƙin sandar a hammata, yana zaune bisa ƙarfen da yake haɗawa.

Masana sun tabbatar cewa abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, fata kuwa ita ce katangar da ke tare ta. Busasshiyar fata na iya tare wuta da ƙarfin om dubu ɗari, amma idan gumi ya jiƙa ta sai abin ya faɗo zuwa kimanin dubu ɗaya, bolt 70 ya tura miliamfiya 70 cikin jiki. Ga shi kuwa daga wajen miliamfiya 10 zuwa 15 hannu ke ƙanƙamewa ya kasa sakin abin da ya riƙe, daga 50 zuwa sama kuma zuciya na iya rikicewa. Mutanen Guangzhou sun san haka sarai, domin a watannin bazararsu laima takan yi yawa har bango ya riƙa tsiyayar ruwa, hukumar Sin kuma ta sanya walda cikin sana'o'in da ba a yi sai da takardar shaidar horo. Gumin watan Afrilu a Sakkwato da ruwan Agusta a Zariya ba su gaza laimar can ba ko kaɗan.

A ganina, kaso babba na amanar yana wuyan mai saro kaya. Akwai injinan da aka sa wa na'urar VRD, wadda ke rage wutar zuwa ƙasa da bolt 35 muddin ba a walda, kuma wajibi ne ɗan kasuwa ya tambaye ta kafin ya shiga ciniki, maimakon ya tsaya kan rangwame kaɗai. Sauran kuwa na maigida ne: busasshiyar safa, takalmi mai tafin roba, katako a ƙarƙashin ƙafa, wayar da ba ta da ƙujewa, da haɗa jikin injin da ƙasa. Kada kuma yaro ya buɗe murfin injin don kawai an zare shi daga bango, domin ma'ajin wutar da ke cikinsa kan riƙe fiye da bolt 300 na wani ɗan lokaci. Idan ƙaddara ta faɗa wa wani, a fara kashe wuta daga tushe, ko a ture shi da busasshen itace, sa'an nan a duba numfashinsa, in ya tsaya a shiga danna ƙirji har a kai ga likita.