Tsakanin .com Da .ng: Yadda Faɗuwar Naira Ta Sauya Kasuwar Sunayen Shafukan Intanet

Ɗan kasuwar albasa a Aliero ko dillalin hatsi a Jega da ke son buɗe shafin intanet, abu na farko da zai biya shi ne kuɗin suna, wato adireshin da masu saye za su rubuta su same shi. Wannan suna ba a sayensa dungurungum. Haya ce ta shekara-shekara, kuma a kanta ne kamfanonin rajista ke gogayya.

Kowace ƙarshiyar suna tana da mai riƙe da ita. Kamfanin Verisign na Amurka ne ke riƙe da .com, shi ke yanke farashin sari, sannan dillalai irin su GoDaddy da Namecheap su ɗora ribarsu. A watan Satumban 2024 farashin sarin ya kai dala 10.26. Ƙarin ba shi da yawa a dala, amma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ke nan kuɗin sabunta .com ya ninka fiye da sau uku ga mai biya da naira.

Nan ne .ng ta sami ƙofa. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da ita, kuma da naira ake biya ta hannun dillalan gida irin su QServers da Whogohost, wanda daga baya ya sauya suna zuwa GO54. Sunan .com.ng ya fi .ng zalla araha ƙwarai. Gwamnati ma ta sa hannu: a watan Fabrairun 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa hukumomi amfani da .gov.ng, abin da ya shafi ma'aikatan da har yanzu ke aika wasiƙun ofis ta Gmail. Duk da haka tazarar na da faɗi, domin sunayen .za na Afirka ta Kudu sun haura miliyan guda, na .ng kuwa ba su kai rabin haka ba.

Gasar ta fi zafi a farashin shekarar farko. Dillali kan karya kuɗin shiga, sai lokacin sabuntawa farashin gaskiya ya bayyana, don haka wannan ne ya kamata a fara tambaya.

Babban haɗarin kuma ba na kuɗi ba ne. Sau da yawa matashin da aka ba aikin gina shafin shi ke yin rajistar da sunansa da imel ɗinsa. Idan aka saɓa, ko ya manta ranar sabuntawa har wa'adin rangwame ya wuce, sunan zai koma kasuwa, kowa na iya ɗaukarsa, alhali an riga an buga shi a buhuna da rasiɗai da jikin motocin da ke kai kaya Legas.