Yadda ake neman yaudarar ƙwayar mura

Idan hunturu ya shigo, mura takan yawaita a gidajenmu. Akwai mura ta yau da kullum, akwai kuma mai tsanani wadda ake kira girip da Faransanci. Ita ce mai zuwa da zazzaɓi da ciwon jiki, ta kwantar da mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum dubu 290 zuwa dubu 650 a kowace shekara.

Yaya take kama mu?

Abin da ke kawo ta wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, ana kiranta birus. Jikinmu kuwa an gina shi da ƙananan ɗakuna masu rai, su ma ido ba ya ganin su. Birus ba ya hayayyafa sai ya shiga cikin ɗakunan nan, kuma ba ya shiga sai ya fara mannewa a bakin ƙofa.

Mu duka mun san ƙarangiya. Ƙaya guda ba ta da ƙarfin riƙo, amma idan ƙayoyi da yawa suka kama wando, sai an yi da gaske kafin a cire. Haka birus yake. Jikinsa cike yake da ƙayoyi iri biyu, masana suna kiransu H da N. Ƙayar H tana neman wani irin sukari da ke saman ɗakunan hanci da maƙogwaro, sunansa siyalik. Da ta same shi sai ta kama. Ƙayar N kuwa kamar wuƙa take: idan sababbin birus sun fito daga ɗaki, ita ke yanke sukarin don su kuɓuta su kama wasu ɗakunan.

Dabarar masu bincike

Wanda ya ɗaura tsohon buhu a ƙafa kafin ya ratsa ƙarangiya, buhun ne zai kwashe ƙaya, wando ya tsira. Wannan ce dabarar da masu bincike suke bi. Suna haɗa sinadari mai kama da sukarin nan, domin birus ya kama shi a zaton ƙofa ce. Ƙayar da ta cika da na jabu ba ta iya kama na gaske. Sun kuma gano cewa sukari guda ɗaya ba ya riƙe birus da kyau, sai an jera su da yawa a jikin abu guda.

Jikinmu ma ya daɗe da wannan dabara. Majina tana ɗauke da irin sukarin, tana kama birus, mu fyace shi waje.

Ina aka kwana?

Maganin da zai toshe ƙayar H ta wannan hanya yana hannun masu bincike, bai iso kantin magani ba. Amma tun 1999 akwai magunguna biyu masu kama da sukarin, oseltamivir da zanamivir, waɗanda ke toshe ƙayar N. Sun fi amfani idan an fara su cikin kwana 2 da soma ciwo, kuma likita ne ke rubuta su. Kafso da ake saye a bakin kasuwa ba ya kashe birus.

Kaji da agwagi

Tsuntsaye ma suna da tasu murar. Sukarin jikinsu ya ɗan bambanta da namu, shi ya sa murarsu ba ta cika kama mutum ba. Duk da haka takan kama mai yawan taɓa su, kuma tana kisa. A watan Fabrairu na 2006 an same ta a jikin agwagi a Magariya, cikin jihar Damagaram.

Abin da ya rage gare mu

Mu riƙa wanke hannu da sabulu. Mu rufe baki da hanci idan za mu yi tari ko atishawa. Mai mura ya huta, ya sha ruwa da yawa. Idan tsoho, ko mai ciki, ko ƙaramin yaro ya yi zazzaɓi da wahalar numfashi, mu kai shi likita a ranar. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa, kada mu ci, kada mu sayar, kada yara su taɓa. Mu sanar da likitan dabbobi nan da nan.