Yini Guda A Kafanchan Daga Fadan Kagoma

Da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Ikko da Fatakwal sun san Kafanchan a bisa hanya kawai. A sauka daga mota, a sha ruwa, a nemi ta ƙauye. 'Ya'yansu haifaffun Kudu kuwa, sai dai suna. Wanda ya zo hutu Kagoma, in ya ware yini guda ya taka garin da ƙafarsa, zai ga abin da ba a gani ta tagar mota.

Sammako ya fi. Daga Fadan Kagoma, mahaifar marigayi Gwamna Patrick Yakowa, motocin Kwoi na bi su sauke mutum a Kafanchan tun hantsi bai dubi ludayi ba. Hanya duk gonakin citta ne. A 2023 wata cuta ta cinye cittar yankin, manoma suka tafka asara, har yau kuwa zancen bai fita daga bakinsu ba.

In an sauka, a fara da tashar jirgin ƙasa, domin ita ce ta haifi garin. A 1927 aka haɗa layin da ya taso daga Fatakwal, ta Inugu da Makurɗi, da na Kaduna, wani reshe kuma ya nufi Jos. Daga baya aka ja shi har Maiduguri a 1964. Kwal na hawowa daga Inugu, kuza na gangarowa daga Jos, duk a nan suke gamuwa. Aikin reluwe ya jawo Ibo da Yarbawa da Hausawa suka zauna a ƙasar Fantswam, waɗanda daga sunansu aka samo Kafanchan. Mai cin abinci a ƙasar wasu ba ya bukatar a yi masa bayanin irin wannan zama.

Yanzu tashar ta yi tsit. Tsofaffin taragai sun yi tsatsa, ciyawa ta rufe dogo a wurare da dama, gidajen ma'aikata na zamanin Turawa suna nan sun tsufa. Dattawan da suka fara zuwa Kudu ta wannan tasha, da akwatin kwano da 'yan sulalla, su ne abin ya fi taɓa wa zuciya. In akwai irinsu a tafiyar, a bar su su daɗe, yara su saurara.

Daga nan sai cikin gari, a wuce ta fadar Sarkin Jama'a, wadda aka dawo da ita Kafanchan a 1933, a faɗa kasuwa. Citta, doya, acca, manja, ga Hausa na tashi ta kowane baki, ko da mai saye da mai sayarwa ba Bahaushe a cikinsu. Mai sauran ƙarfi ya zaga Takau da Garaje da Katsit, ko ya leƙa Zikpak inda fadar Agwam Fantswam take.

Baƙo mai lura zai gane cewa rigingimun da aka yi, tun daga na Maris 1987, sun bar tabo a yadda unguwanni suka rabu. Amma a kasuwa da tashar mota kowa na cuɗanya da kowa. Abin da ake so ga baƙo shi ne gaisuwa da tambaya kafin ɗaukar hoto.

Da azahar ta gota, a ɗauki ɗan acaɓa zuwa Matsirga, kusa da Madakiya, inda ruwan da ya taso daga duwatsun Kagoro yake faɗowa daga kan dutse. Da damina tun daga nesa ake jin rugugi, duwatsun kuwa santsi gare su, a riƙe hannun yara. Kada a bari magariba ta yi a can, gama motocin Kagoma suna ƙaranci da yamma.