Kasuwar jirage marasa matuƙa na ayyukan ceto: wa ke saye, wa ke sayarwa?

Jiragen sama marasa matuƙa, waɗanda jama'a da dama suka fara jin labarinsu a fagen yaƙi, sun zama haja a wata kasuwa dabam, wato ta 'yan sanda da 'yan kwana-kwana da kuma asibitoci.

Masu nazarin wannan kasuwa kan duba abubuwa uku: aikin da ake so jirgin ya yi, da kamfanin da ya ƙera shi, da dokar da za ta ba shi izinin tashi.

Ayyukan da suke yi

Aiki na farko shi ne hango abin da ke faruwa daga sama. A watan Afrilun 2019, lokacin da gobara ta kama majami'ar Notre-Dame a birnin Paris, an yi amfani da ƙananan jirage wajen gano inda wutar ta nufa, domin a san inda za a karkata ruwa.

A birnin Chula Vista na jihar Kalifoniya a Amurka kuwa, tun shekara ta 2018 'yan sanda suka fara tura jirgi da zarar an yi kiran gaggawa, ta yadda zai riga jami'ai isa wurin, ya aiko musu da hotuna.

Aiki na biyu shi ne kai kaya. Kamfanin Zipline na Amurka ya fara jigilar jini zuwa asibitocin karkara a Ruwanda a 2016, ya shiga Ghana a 2019, sannan jihar Kaduna a Nijeriya a 2022. Jirgin da ya yi wannan aiki da shi yana ɗaukar kayan da ba su kai kilo biyu ba, ya yi tafiyar kimanin kilomita 80, ya sako su da laima, ya koma gida.

A watan Disambar 2021 a ƙasar Suwidin, wani jirgi ya kai na'urar farfaɗo da bugun zuciya ga wani dattijo mai shekaru 71 cikin minti uku da 'yan daƙiƙu, kafin motar asibiti ta iso, kuma mutumin ya rayu.

Masu ƙerawa

Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda aka kafa a 2006, shi ne ya mamaye kasuwar ƙananan jirage a duniya, saboda arha da inganci.

To amma siyasa ta shiga cikin cinikin. Gwamnatin Amurka na fargabar cewa hotunan da jiragen ke ɗauka za su iya faɗawa hannun hukumomin Sin, zargin da kamfanin ya sha musantawa. A 2020 ta saka DJI cikin jerin kamfanonin da aka taƙaita sayar musu da fasahar Amurka, kana a 2023 jihar Fulorida ta hana hukumominta amfani da jiragensa.

Wannan ya buɗe ƙofa ga kamfanonin cikin gida irin su Skydio, wanda a 2023 ya daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane, ya mai da hankali kan hukumomi da kamfanoni. Sai dai ƙananan ofisoshin 'yan sanda da na kashe gobara sun koka cewa madadin ya fi tsada.

Dalilin saɓanin alƙaluma

Ƙiyasin girman kasuwar ya kan sha bamban daga wannan rahoto zuwa wancan, domin ba abu ɗaya ake ƙirgawa ba. Wasu jiragen da aka sayar kawai suke lissafawa, wasu su haɗa da manhaja da horar da ma'aikata da gyara, wasu kuma har da cinikin sojoji.

Haka nan Zipline ba ya sayar da jirgi. Gwamnati ce ke biyan kuɗin jigila. Ke nan ɗorewar aikin ta dogara ne ga kasafin kuɗin da ake warewa duk shekara.

Doka da sirrin jama'a

Babban abin da ke daƙile kasuwar shi ne ƙa'idar da ta ce kada jirgi ya wuce inda idon mai sarrafa shi ke gani, sai da izini na musamman. A Nijeriya, mai son tayar da jirgi don aiki na buƙatar amincewar hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

Akwai kuma batun leƙen asirin jama'a. A watan Mayun 2020, kotun ƙoli ta harkokin mulki a Faransa ta umarci 'yan sandan Paris su daina sa ido kan mutane da jirage lokacin annobar korona, har sai an yi dokar da ta fayyace iyakar hakan.

Ga hukumar da ke son saye, kuɗin jirgin shi ne mafi sauƙi a lissafin. Abin da ke biyo baya shi ne batir da ke ƙarewa cikin ƙasa da sa'a guda a yawancin ƙananan jirage, da albashin masu sarrafawa, da kuma tambayar wa zai riƙe hotunan da aka ɗauka daga saman gidajen mutane.