Yadda Ake Gane Asmar Da Aiki Ke Kawowa

'Yan'uwa manoma, a kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya ko biyu da aka bar wa aikin magani. Su ne masu goya famfo su yi feshin auduga da wake, su ne masu sa ƙwayar magani a buhunan hatsi, su ne kuma masu wanke ɗakin kaji da fomalin. Akwai wani ciwon ƙirji da yakan kama irin waɗannan, sau da yawa kuwa ba a gane tushensa.

Ciwon nan shi ne asma. Hanyoyin iska na cikin huhu sukan kumbura su tsuke, sai ƙirji ya ɗaure, numfashi yana fita da ƙara kamar fito, ga kuma tari. Likitoci sun ƙiyasta cewa cikin mutum 6 da asma ta kama bayan sun girma, wajen mutum 1 aikinsa ne sanadi. Wani yakan shaƙi magani mai ƙarfi sau ɗaya cikin rufaffen ɗaki, ciwon ya tashi kafin kwana ya zagayo. Wani kuwa sai ya yi watanni ko shekaru yana aikin lafiya lau kafin jikinsa ya ƙi maganin. Daga ranar nan, ko ɗan kaɗan ya shaƙa ya isa ya tayar masa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne, ba lalle ciwon ya tashi a gona ba. Mutum yakan gama feshi da hantsi, ya koma gida kalau, sai tsakar dare tari ya hana shi barci. Sai a ce sanyi ne, ko hayaƙin murhu. Saboda haka tambayar da ta fi kowace amfani ita ce: numfashin yakan yi sauƙi sa'ad da aka bar aikin? Hutun Lahadi kaɗai ba kullum yakan isa ya nuna ba, gama huhu yakan ɗauki kwanaki kafin ya huce. A lura da lokacin da aka yi mako guda ko biyu ba a taɓa magani ba, da kuma abin da ya faru bayan an koma.

Muna ba da shawara a sayi littafin rubutu. Kowace rana a rubuta aikin da aka yi, da sunan maganin, da lokacin da tari ya zo. Wanda bai iya rubutu ba, sakataren ƙungiya ya taimake shi. A asibitoci da yawa akwai wani ɗan bututu mai lambobi wanda ake hurawa da ƙarfi, yana auna ƙarfin numfashi. In an samu, a hura aƙalla sau 4 a yini har mako 3 ko 4, ranakun aiki da na hutu duka. Idan lamba tana sauka lokacin aiki, tana hawa lokacin hutu, likita ya sami shaida mai ƙarfi. A je masa da gwangwanin maganin ko takardar jikinsa, gama cewa "maganin ƙwari ne" ba ta gaya masa kome ba. Hoton ƙirji yakan fito lafiya ga mai asma, kada wannan ya sa a ce ba kome.

Kada a gama asma da tarin fuka. Tarin da ya wuce mako 2 tare da rama da zufar dare, a kai majina a auna. Wanda kuma ya yi feshi sai ga dalalar miyau, da amai, da zufa, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, guba ce ta shige shi, a kai shi asibiti nan da nan.

Dalilin hanzari shi ne, wanda aka raba da maganin da wuri yakan sami sauƙi ƙwarai, amma wanda ya daɗe yana shaƙa, asmar takan zauna masa ko bayan ya bar aikin. Maganin shaƙa irin su Ventolin yana buɗe ƙirji, amma ba ya kawar da sanadi. Ɗaura ƙyalle a hanci kuwa ba ya tare tururin magani. In likita ya tabbatar, ƙungiya ta ba wani famfon, shi kuma a ba shi aikin da babu magani ko ƙura a ciki, kamar riƙon littafin kuɗi ko ban ruwan lambu, kada kuma a rage masa rabonsa.